Ruwan Zafi a Kan Ɗinki

Lokacin da nake haihuwa, mace ɗaya na sani a duk Wurma da aka yi wa aiki aka ciro ɗa, kuma har ta tsufa da wannan ake kwatanta gidanta. Yanzu kuwa, ranar da aka fito da autata daga ɗakin tiyata a asibitin gwamnati na Dutsin-Ma, ta dama da ita aiki ne, ta hagu ma aiki ne. Na ce a raina, matan yanzu ba su da ƙashin wahala. Ban san yaron a gicciye ya zo ba sai daga baya.

Da za a sallame mu, malamar asibiti ta kama hannuna ta ce, "Hajiya, don Allah kada ruwan zafi ya taɓa ɗinkin nan. A goge mata jiki kawai." Na ce to, amma a baki. Ni da na yi wa yayyenta uku wankan jego, kowacce ta tashi garau, yarinyar da na isa in haifa ce za ta koya mini?

Gaskiya kuma ba lafiyarta kaɗai nake dubawa ba. Maƙwabta na shigowa barka, idonsu na kan murhu. Gidan da aka kawo mai jego ba a ga tukunya na tafasa ba, ai an san abin da za a faɗa: uwar ta yi sakaci, ɗanyen jiki zai kama yarinya.

Na daure kwana huɗu. Rana ta biyar da safe na hura wuta, na karyo ganyen darbejiya, na ce ta fito. Ta ce, "Inna, an fa hana." Na ce, "Su suka haife ki?" Ta zauna a kan turmi. Ina tsoma ganye ina fyaɗa mata, tana cije leɓe, ina jin daɗi wai ina gasa ta.

Kwana uku muna haka, sai zazzaɓi. Gefen ɗinkin ya buɗe yana ruwa, ko nono ta kasa ba yaro. Mijinta ya zo da mota muka koma asibiti.

Malamar nan muka tarar. Tana ɗaga zane ta ɗago kai ta dube ni. "Wa ya yi mata wanka?"

Kafin in buɗe baki, ɗiyata ta ce da muryar da ko fita ba ta yi sosai, "Ni na yi da kaina. Inna ta hana ni, ban ji ba."

Malamar ta hau ta da faɗa, har da cewa ita da ta yi makaranta. Ina tsaye da jikana a hannu, na bari aka yi mata faɗan har ƙarshe. Ta warke bayan mako uku. Yaron yana gudu yanzu, ni kuwa har yau ban iya tayar mata da maganar ba.