Ranar da Habibu Ya Jera da Matarsa

Shekara bakwai ke nan da muka kai Habibu makwancinsa a nan Kuala Lumpur, garin da ya zo digiri na uku da niyyar komawa Kano da zarar ya gama. Ya gama ɗin, sai dai ƙasar kabarinsa a nan take. Tun firamare muke tare, ofishinmu ɗaya kuma a titin Jalan Semarak.

Lissafi ya karanta, amma a fagen waƙar fim ɗin Indiya shehi ne. Yakan ce Indiyawa ne kaɗai suka iya soyayya. Mai wannan fatawa kuwa bai taɓa jerawa da matarsa Hajara a titi ba. Shi gaba, ita baya, kamar liman da mamu.

Wata Asabar aka ce 'yan fim ɗin Indiya sun zo ɗaukar waƙar soyayya a wani tsohon gini na ma'aikatar jirgin ƙasa a unguwar Sentul. Ya kwashe mu, ni da Hajara. Gani ya kori ji. Sai da aka jira ruwan sama ya ɗauke sannan aka kunna na tanka, wai na Allah ba ya bin umarnin darakta. Muryar daga lasifika take fitowa, jarumar baki kawai take motsawa. Da an ce a dakata, ita da masoyin nata kowa ya koma kujerarsa ya duƙufa a kan waya.

Can aka nemi ma'aurata da za su riƙa wucewa a bayan jaruman, kowane biyu da laima ɗaya. Wani Bamale, wato ɗan ƙasar, mai tara jama'a ya hango mu, ya ce da Habibu, “Boleh?”, wato za ku iya? Kafin ya buɗe baki Hajara ta amsa, “Boleh.”

Aka saki ruwa. Habibu ya ɗaga laima ya yi gaba abinsa, Hajara ta biyo shi tana jiƙewa. Darakta ya yi ihu. Aka sake, ya sake. Hali zanen dutse. Daga baya aka aiko a karɓi laimar a ba wasu. Hajara ta riƙe ƙotar ta ƙi saki.

“Malam,” in ji ta, “shekara nawa kana kunna mini waƙoƙin nan ina wanke-wanke? Daga nan zuwa ƙofar can kawai na roƙa.”

Sai ya dube ni. Ba Indiyawan yake jin kunya ba, ni ne Kano a wurin. Na juya baya, na shiga nazarin wani allo da aka rubuta da Tamilanci, harshen da ban san ko baƙi ɗaya a cikinsa ba.

Yanzu samarinmu na unguwar Taman Melati suna ɗaukar irin wannan da waya, hannu cikin hannu, su watsa wa duniya kafin la'asar. Na san da Habibu zai yi tsaki ya ce zamani ya lalace, sannan in ba kowa ya tambaye ni sunan waƙar.

Me ya rage nasa? Akwai maƙalunsa na lissafi, waɗanda ni amininsa ban kai ƙarshen ko ɗaya ba. Akwai 'yarsa Safiya, mai amsa gaisuwata da Malayanci. Sai kuma wannan waƙa. Bara da na je musu barka da Salla, Hajara ta kunna mini ita, ta tsayar a inda suka fito. Dishi-dishi suke can baya, kafaɗa da kafaɗa, rabin jikinsa sharkaf don ya karkatar mata da laimar.

Na ce, “Matarmu, ai ba a ma ganin fuskokinku.”

Ta ce, “Bari kawai. Duk wanda ke cikin hoton nan wasa yake yi, ban da mu.”

Allah ya jiƙan Habibu, ya sa inuwa ya tarar.