Tsarabar da Na Kai wa Yaya Gombe

Ana idar da sallar asuba muka bar tasha a Kano, mu bakwai a motar da aka ƙera don mutum biyar. Gombe na nufa, wajen Yayata, wadda rabona da ita tun sadakar arba'in ɗin mijinta, shekara uku ke nan. Waɗanda suka saba karanta labaran tafiye-tafiyena sun san ni da surutu da tsokana. Wannan karon ku yi mini haƙuri, dariyar ba ta da yawa.

A bayan mota akwai wani bokitin roba mai murfi da mahaifiyarmu, Inna, ta ɗaure da tsumma. Daddawa ce a ciki, ta kalwa, wadda ta yi da hannunta. Kwana huɗu ta yi a kanta, daga dafawa zuwa surfe da wanki, har ta rufe ta ta nuna. Yaya ce 'yar farinta, don haka tunda nake ban taɓa jin ta kira sunanta ba, ko a waya gaisuwarsu ba ta wuce "lafiya lau" biyu. Da za ta ba ni bokitin ma kai ta kawar gefe ta ce, "Ki kai wa mutuniyar Gombe." Ni kuma na ƙara da kilishin da na saya na ajiye tun makon jiya, don kada a ce ƙanwa ta zo hannu rabbana.

Kafin mu kai Wudil daddawa ta fara gaisawa da fasinjoji. Wata mata da ke kusa da ni ta toshe hanci da gefen mayafi tana ta tsaki. Wani dattijo a gaba kuwa ya juyo ya ce duk mai wannan kaya Allah ya yi mata albarka, ta tuna masa da miyar tsohuwarsa. Na ce masa amin da ƙarfi, don mai tsakin ta ji. A Birnin Kudu muka tsaya aka sha mai. Na sayi dafaffen ƙwai da awara, farashin ya sa na tambayi mai tallar ko kazar tana karɓar albashi ne. Kuɗin mota kansa ya kusa ninka abin da na biya wancan zuwan, amma kujerar ba ta ƙara faɗi ba.

Daga Darazo muka karya zuwa Dukku. Hanyar nan tana da wuraren da za ka yi barci da wuraren da za ka yi salati, direbanmu kuwa bai bambance su ba. Mun haye gadar kogin Gongola ruwa ya ja baya, mata na wanki a kan yashi, shanu farare suna gangarowa sha. Daga nan Fillanci ya fara yawa a bakin masu tallar fura. Ana kiran azahar muka hango Gombe a kwance cikin kwari, tuddai sun kewaye ta, rana tana dukan kwanon gidaje. Na sauka a tasha na ɗauki a-daidaita-sahu, wanda su a can keke kawai suke ce masa, zuwa unguwar Federal Low-Cost inda Yaya take.

Gaskiya da fargaba na ƙwanƙwasa ƙofar. Bayan rasuwar mijinta Yaya ta fi shekara ba ta ɗaukar waya sai ta ga dama, in ta ɗauka kuma kamar da bango kake magana. A gida muka ce ƙarancin haƙuri ne. Aka aika mata rubutu, aka aika nasiha. Ni da bakina na taɓa ce mata, "Yaya, ke kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa?" Sai ga shi wadda ta buɗe mini ƙofa ta yi ƙiba, tana dariya, har tana tsokanata wai na cika mota ni kaɗai. Ta koma koyarwa a makarantarta. Ta shuka zogale da lalle a bayan gida. Na ce a raina, ai ga shi nan, addu'armu ce ta ci.

Da na miƙa mata tsaraba ta ɗaga murfin bokitin kaɗan, ta mayar ta rufe. Ta ce Allah ya saka wa Inna da alheri, ta ɗora shi can saman kanta tare da kilishin. Tuwon da ta kawo mini da yamma kuwa miyar ɗanyar kuɓewa ce da sabon nama, fes da ita, amma salam. Na leƙa kicin ɗinta, babu daddawa, babu busasshen kifi, babu banda. Na ce, "Yaya, zaman Gombe ya mayar da ke Baturiya." Ta yi murmushi ta ce in ci abincina.

Washegari na zaga gari ni kaɗai, tunda tana makaranta. Na shiga babbar kasuwa, na ga wake da gyaɗa tuli, na ratsa ta unguwar Shamaki inda ƙarar maƙera da karatun Islamiyya suke haɗuwa a lungu ɗaya, na bi ta GRA na ƙare wa katangun masu hali kallo. Mutanen Gombe suna da sanyin magana, ko ciniki za su hana ka sai sun yi maka sannu. Da na dawo na tarar da maƙwabciyar Yaya a bakin shagonta na kayan masarufi. Inyamura ce, ana ce mata Maman Nkechi, ta fi shekara ashirin a garin. Muka gaisa, na ce mata gobe zan yi wa Yaya girkin gida ta san ƙanwarta ta zo. Sai fuskarta ta canja.

"Anti, abincin Malama, ki bari shi ya dafa da kansa," ta ce, da Hausarta mai mayar da mace namiji. "Ko ki tambaye shi tukuna."

Raina ya ɓaci. Wai ni za a koya wa ciyar da wadda muka sha nono ɗaya? Na ce mata na gode, na shige ina ƙunƙuni. Ban tambayi kowa komai ba.

Rana ta uku Yaya na fita na sauko da bokitin. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka, na daka daddawa curi uku na zuba, don ni ba na yi wa miya rowa. Na sa man shanu, na yayyaga kilishi a faranti. Da ta dawo bayan azahar ta tsaya turus a bakin ƙofa, ƙamshin ya riga ni yi mata sannu da zuwa. Ta ce ta ci abinci a makaranta. Na ce ban yarda ba. Ta ce cikinta ba daɗi. Nan fa na hau, kun san halina. Na ce, "Inna ba ta iya kiran sunanki, amma ta yi kwana huɗu a gaban wuta saboda ke. In na koma me zan ce mata? In ce kin fi ƙarfin daddawarta?"

Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta ajiye jakarta, ta wanke hannu, ta zauna. Ta yi loma ta farko hawaye suka zubo mata, ta ce ta manta yadda miyar gidanmu take. Ni kuwa daɗi ya kama ni, ina ta tura mata kilishi, ina cewa ƙara mana. Ta ci sosai.

Ba a yi awa guda ba ta kama ƙeyarta da hannu biyu. Ta ce kanta zai tsage. Gumi ya jiƙa mata riga, ina ganin jijiyar wuyanta tana harbawa, sai amai. Na rikice ina neman maganin ciwon kai a jakata, ita kuma da kyar ta ce, "Kira Maman Nkechi." Matar nan ta shigo da gudu, ta dubi kwanon miya, ta ɗora hannu a ka. Ta wuce ɗakin Yaya kai tsaye, ta buɗe wata durowa ta ɗauko kwalin magani da wata takarda a ninke, ta ƙwala wa mai keke kira. A hanya Yaya tana jingine a kafaɗata na ga gefen bakinta ya ɗan karkace. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibiti aka auna jininta, ma'aikaciyar ta sake aunawa don ba ta yarda da na farko ba. Aka shige da ita. Bayan la'asar likita ya fito da takardar nan a hannu, ya tambayi abin da ta ci da wanda ya ba ta. Na ce ni ce. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya zaunar da ni ya ce Yaya ta fi shekara biyu tana ganin likitan ƙwaƙwalwa saboda ciwon damuwa. An gwada mata magunguna sun ƙi, sai wannan, wani tsohon magani da ba a cika bayarwa ba, shi ne ya tashe ta. Amma yana da sharaɗi. Akwai wani sinadari da ke taruwa a abincin da aka bari ya ruɓa don ɗanɗano ko ya daɗe a ajiye, irin daddawa, tsohon kilishi, banda, cuku da ya kwana biyu. Jikin mai lafiya yana narkar da shi ba tare da ya sani ba. Wannan magani kuwa yana hana jiki narkar da shi, sai jini ya hau farat ɗaya. Har wasu magungunan mura an hana ta. Ya ce yawancin magungunan damuwa ba su da wannan doka, kada in fita ina tsorata mutane, amma mai shan irin wannan dole duk wanda zai dafa masa abinci ya sani.

Na karɓi takardar na karanta. Daddawa ce a layin farko, an ja mata layi da jan biro. Ashe Maman Nkechi ce take raka Yaya asibiti duk wata. Ita ce ta daina sa irin daddawarsu ta Inyamurai a duk abincin da za ta miƙo mata ta katanga. Mu da muka haɗa jini muna Kano muna aika nasiha.

Kwana biyar muka yi a asibiti. Allah ya taƙaita, jinin ya sauka, amma ya bar mata shaida: hannun hagu ya yi nauyi, harshe yana ɗan ja. Likita ya ce da gashi da motsa jiki ana sa ran sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sun tsayar da maganin. Sai ta yi mako biyu babu shi kafin a gwada wani, dokar abincin kuma tana nan a kanta har makonnin su cika. Babu wanda ya iya ce mini sabon zai karɓe ta kamar wancan. Ina zaune ina kallonta tana barci, ina tuna matar da ta buɗe mini ƙofa tana dariya, ina tambayar kaina ko zan sake ganinta. Na yi kuka har Maman Nkechi ta ce in fita waje kada in tashe ta.

Ran da aka sallame mu na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini. Na ce, "Yaya, me ya hana ki faɗa mini? Kalma ɗaya fa."

A hankali ta ce, "In na ce an hana ni, za ki ce wa ya hana. In na ce likita, za ki ce na me. Kafin ki isa Wudil dangi sun ji na haukace." Ta huta, sannan ta ce, "Kuma na ɗauka sau ɗaya ba zai yi komai ba. Daddawar Inna ce."

Ban musa ba, don ta san bakina. Na ƙara kwana uku har 'yarta ta taho daga jami'a, sannan na haɗa kaya. Da zan fita Yaya ta riƙe mini mayafi da hannun dama. Ta ce ta gaji da ɓoyo, in gaya wa Inna ciwonta, in rubuta ma in ina so, ban da suna. Amma in yi mata alkawari ɗaya: kada Inna ta san daddawarta ce. Na yi alkawari.

Hanyar dawowa ban san yadda ta wuce ba. Ban sayi komai a Darazo ba, ban tanka wa kowa ba, har wata fasinja ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini. Abin da nake ta juyawa shi ne, mu mutane ne masu nuna ƙauna da kwano. In mutum ya ce ya ƙoshi sai mu ga raini ne, mu matsa har sai ya ci don kara. To ni dai daga yau in wani ya ture abincina, zan janye kwanon in tambaye shi lafiya. Kuma na gane Yaya ba ta ɓoye mana ciwonta don ba ta son mu ba, ta riga ta ji irin amsar da muke bayarwa ne.

Na iso Kano da la'asar sakaliya, na wuce gidan Inna ko jaka ban ajiye ba. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na gaya mata ciwon damuwar, da likitan, da hawan jinin da ya taɓa hannu, na tsallake abin da aka ce in tsallake. Ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya a cikin tiren. Can ta ce, "Shekara biyu. Ita kaɗai." Sai ta miƙe, ta ce in nema mata mota jibi, da ƙafarta za ta je. Ta nufi madafi tana cewa bakin majinyaci sai da miya mai ɗanɗano, Allah ya sa akwai ragowar daddawa, za ta tafi da ita ta kaɗa mata da hannunta.

Na tsaya ina kallon bayanta, ta tsufa, tana ɗingisa ƙafa tana sauri. Alkawarin da na yi wa Yaya ko kwana ɗaya bai yi ba. Na bi ta na tarar ta ɗauko ƙwaryar daddawa, na karɓe ta daga hannunta, na ce, "Inna, zo ki zauna. Ban gama ba."