Na Ƙirga Sha Huɗu, Mu Kuwa Sha Uku Ne

Salama gare ku. Wata biyar ke nan ban ce uffan ba a nan, har wasu sun fara cewa Rifkatu ta je Masar ta samu Balarabe ta manta da mu. Ina ma haka ne. Jinya na yi, sai yanzu hannuna ya yarda in rubuta.

Mu goma sha uku ikilisiyarmu ta tura Masar aikin bishara na mako biyu, da taron matasa na kwana huɗu a tsakiya, a wani masauki can cikin hamada. Aikina ƙirga kawuna ne. Za a shiga mota ko za a ci abinci, sai na ƙirga na ce wa Fasto mun cika.

Saura kwana uku mu tashi, zazzaɓi ya taɓa ni a Zariya. Na sayi maganin maleriya, na sha na yini ɗaya, jiki ya saki, na bar sauran a kan firji. Wa ya taɓa fasa tafiya saboda zazzaɓi? Mu da muka girma tare da shi.

Ranar da aka buɗe taro, da rana tsaka a ɗakin cin abinci, na ƙirga na samu sha huɗu.

Na sake. Sha huɗu.

Akwai wani a ƙarshen tebur sanye da rigar tawagarmu, ya sunkuyar da kai, ba ya cin komai. Na taɓa Tabita, wadda muke ɗaki ɗaya, na ce, "Wane ne wancan?" Ta duba ta ce, "Kujera ce, Rifkatu."

Na yi dariya na ce gajiya ce. Ban gaya mata kaina yana sarawa ba.

Washegari yana zauren taro, a layinmu, kujera uku tsakaninmu. Matasa daga ƙasashe daban-daban suna waƙa, kowa da yarensa, ni kuwa ba na jin komai sai numfashinsa. Kafin a tashi, kujera ɗaya ta rage. Ban ji yana nufina da sharri ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Jira kawai yake, irin jiran direban da ya san fasinjansa zai fito.

Na gaya wa Fasto. Ya ce wanda ya fito aikin Ubangiji ba ya rasa harin magabci. Suka kewaye ni, suka ɗora mini hannu, aka sa azumi. Ba na zarginsu, ni ma haka na gaskata. Mai duba marasa lafiya a masaukin ya ce zafin rana ne, ya ba ni ruwan gishiri da sukari. Ba a yin maleriya a ƙasarsu, bai ko kawo ta a ransa ba, ni kuma ban faɗa masa zancen Zariya ba.

A rana ta uku Yaya Hadiza ta kira. Ubanmu ɗaya, ita musulma ce, tana girki a wani masaukin alhazai a Aziziyya, can Makka. Ban tuna hirar ba. Tabita ce ta ce min wai na ce, "Yaya, ki gaisa da baƙon, ga shi a bakin gadona."

Yaya ta ce a ba Tabita wayar.

"Ke, jikinta da zafi? Halas, ku ajiye komai ku kai ta mustashfa, asibiti nake nufi, yanzu-yanzu. Haka Iliya ya yi ta gaisawa da mutanen da babu su, kwana biyu muka binne shi. Yalla!"

Iliya yayana ne, ya rasu ina 'yar shekara biyar. Ni duk rayuwata an ce min iska ce ta ɗauke shi.

Yaya ba ta kashe wayar ba har muka isa asibiti. Tabita ta ce Yaya ta yi ta faɗa da ma'aikaciyar jinya da Larabci ta wayar, sai da aka ɗebi jinina aka duba maleriya. Ita ce kuwa, ta riga ta hau ƙwaƙwalwa.

Kwana uku ban san inda kaina yake ba. Allura ta jijiya, ƙarin ruwa, ƙarin jini leda biyu. Inshorar tafiya ta ɗauki yawancin kuɗin, ikilisiya ta cika sauran. Likita ya ce wa Fasto da an ƙara yini ɗaya, da gawa za su kai gida.

Da na farka, Fasto na gani a gefen gado, idonsa jajir. Ya ce, "Ki yafe mini, 'yata. Na ɗora hannu a kanki na ji zafin nan, na ce wutar yaƙin ruhaniya ce."

Na yafe masa tun kafin ya rufe baki.

Na dawo gida harshena da nauyi, ƙafafuna ba ƙarfi, sunan maƙwabtanmu ma sai an tuna mini. Yanzu ina takawa da ƙafata har majami'a, kuma surutuna ya dawo, Mama ta shaida.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa Tabita da ta yi ta wanke ni ba ta ko yamutsa fuska ba, da tawagarmu, da ku da kuka yi ta addu'a ba ku ma san me ake ciki ba.

'Yan'uwa, ku shanye magani har ƙwayar ƙarshe. In kun fita ƙasar waje zazzaɓi ya kama ku, ku gaya wa likita daga inda kuka fito, ku ce a gwada maleriya. Mai zazzaɓi in ya fara ganin abin da ba kwa gani, ku yi addu'ar a cikin mota, kuna hanyar asibiti.

Makon jiya na kira Yaya don in yi mata godiya, ta katse ni.

"Ranar Iliya ina da shekara sha biyu, fifita kawai na iya yi masa har ya cika. Wannan karon Allah ya ba ni baki, na yi magana."

Tana kuka a Makka, ina kuka a Zariya.