Ranar da Surukina Ya Kama Ni Ina Gudu

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, wallahi ba zai kwashe safiyar Lahadin nan ba, ranar da surukina ya kama ni ina gudu a titi da ƙattin takalma.

Lokacin na haura arba'in, ina sayar da atamfa a kasuwar Tamale, a zaune tun safe har la'asar. Jiki ya yi nauyi, jini ya hau, likita ya ce in ban motsa ba, zan kwanta. Wata maƙwabciyata a unguwar Kaladan, tsohuwar nas da muke kira Anti, ita ta ja ni cikin 'yan kip-fit, masu fita gudu duk Lahadi bayan sallar asuba. Maza da mata ne, malaman makaranta, direbobi, da 'yan kasuwa irina. Ranar farko ko babban titi ban kai ba na zube bakin kwata ina haki, sai a yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, aka mayar da ni gida. Suka yi wata guda suna tsokanata, wai ni ce gwanar gudu tunda na riga kowa isa.

Amma daɗin gudu sai wanda ya ɗanɗana. Akwai inda za ka kai, bayan ƙirji ya gama zafi, ƙafa ta gama ƙorafi, sai kawai jiki ya saki, kamar an sauke maka tulu daga kai. Ana tafi, ana waƙa, Anti na busa usur, masu koko suna yi mana kirari. Ni da ko matakalar shago nake hawa da nishi, na koma ina ƙirga kwanaki Lahadi ta zo.

Matsalata ɗaya ce, mahaifin maigidana. Dattijon Dagomba ne, a unguwar Bulpiela yake zaune, kuma a gidansu in ya ce a'a, magana ta ƙare. Maigida ya bar ni in fita, amma ya ja mini kunne: "Kada Baba ya ji. In ya ce matar ɗansa ba ta tsalle a titi, ba ni da bakin musu, kin daina ke nan." Shi ya sa hankalina ya kwanta da hanyarmu ta Lamashegu, ba ta bi ta wajensa.

Ran nan mun juyo za mu koma gida, sai muka tarar an tare titi da rumfuna da kujeru, ana shirin biki. Anti ta busa usur, ta karya da mu ta wani lungu, daga nan wani lungun. Ni kuwa daɗi ya ɗebe ni, ina can gaba, ni ce ma mai ba da waƙa. Ban farga ba sai da na ga masallacin da na sani. Ga Baba a kan benci a ƙofa, carbi a hannu, kekensa jingine da bango. Muka haɗa ido.

Inna lillahi! A Tamale ba a wuce babba a tsaye, balle suruki. Tsugunawa ake yi har ƙasa, yana tambaya kana amsa masa da "naa". Na so in ja mayafi in rufe fuska in wuce, amma gwiwata ta riga ni yanke shawara, sai ga ni a ƙasa.

Na bayana ba su san ko wane ne ba. Sun dai ga dattijo, sun ga na tsuguna, sai kowa ya zube. Lungu ya cika maƙil da mutane a tsugune, gumi na ɗiga. Baba kuwa bai rage ko ɗaya ba: kwana, gida, yara, kasuwa, gajiya. Mu kuma "naa... naa..." cikin haki. Wani direba mai tumbi ya raɗa mini, "Hajiya, don Allah ki ce ya gajarta, gwiwata za ta fita."

Baba ya dube ni daga kai har takalma. Ya ce, "'Yata, wa ya biyo ku?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

"To gudun me kike yi?"

"Likita ne ya ce, Baba. Jinina ya hau."

Carbin hannunsa ya tsaya. Ni a raina na riga na yi bankwana da gudu, har idona ya kawo ruwa.

Can ya ce, "Hawan jini. Shi ya ɗauke uwar mijinki tun kafin ki shigo gidan nan. Shekara uku tana kwance, ɓari guda ba ya motsi, ni nake juya ta. Da na san gudu na hana shi, da ni da kaina zan kora ta titi kullum." Ya share fuska da hannun riga. Sai ya daka mana tsawa: "Wa ya ce ku zauna? Tashi, 'yata! Ku tashi duka!"

Kafin mu gama miƙewa, tsohon nan ya tattare riga ya haye kekensa, ya shige gabanmu yana kaɗa ƙararrawa. Duk wanda ya leƙo sai ya ce masa, "Ba da hanya, surukata ce!" Kai, jama'a! Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Ina kuka, ina dariya, ƙafata ko jin ƙasa ba ta yi, Anti ta busa usur har numfashinta ya ƙare. Sai da ya kai mu ƙofar gidanmu a Kaladan, maigida ya fito ya tsaya baki buɗe.

Baba ya rasu yanzu, Allah Ya jiƙansa, ni kuwa har yau ina fita. Abin da na koya shi ne, na yi watanni ina ɓoye farin cikina ga mutumin da ya fi kowa buƙatar ganinsa, don na yanke masa hukunci ban tambaye shi ba. Tun daga ranar ban sake cewa na san abin da ke cikin zuciyar tsoho ba, sai na zauna na ji daga bakinsa.