Tayar da Mijin Ƙanwata Ya Zaɓa

Babur ɗina ba irin wanda aka saba gani a Mubi ba ne. Ƙato ne mai faffaɗan wurin zama, ƙafa biyu a gaba, ɗaya a baya, ba a sa masa giya, murɗawa kawai ake yi ya tafi. Wani ɗan kasuwa ne ya shigo da shi daga Kamaru ya rasa mai saye. Ni kuwa da shan inna ya taɓa min ƙafar hagu tun ina yaro, ina ganinsa na san ni ya zo wa. Da shi nake zuwa firamaren da nake koyarwa a Vimtim. Ko lokacin da aka hana hawa babur a gari, sojojin shingen bincike sukan zagaye shi, su ƙirga ƙafafun, su ce ai keke ne, in wuce.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, a kansa na ɗora yaran ƙanwata biyu da ƙullin kaya, ita da matata suna biye a ƙafa, har muka tsallaka iyaka. Mijin ƙanwar tawa kuwa tun harbin farko ya ɗare bayan wata tifa, ko waiwaye bai yi ba. Sai bayan kwanaki muka ji yana Yola lafiya lau, yana ba mutane labarin jaruntakarsa.

Injiniya yake kiran kansa. Iyakar abin da na sani shi ne ya taɓa tsaron shagon sayar da janareta na 'yan watanni, daga nan ya soke ɗan sukundireba a aljihun gaba, bai sake cirewa ba. Fanka ya gyara a gidana ta daina juyawa. Rediyo ma haka.

Da gari ya lafa muka dawo, tayar baya ta riga ta cinye a duwatsun hanya, har waya ta fito. Na zagaya abin da ya rage na kasuwa, babu mai irinta, wasu ma ba su taɓa gani ba. Sai na nufi wani dattijo mai faci da ke zama a gindin darbejiya kusa da tasha, mutumin Gude, wanda ba ya buɗe wurinsa ranar Lahadi sai an taso daga coci. Ya tsugunna, ya goge gefen tayar da yawu ya karanta lambar, ya ce rim ɗin sha huɗu ne, tayar mota za ta shiga, har ma ta fi daɗewa tunda ina bin hanyar ƙauye. Amma sai mafi siranta, irin ta ƙaramar mota. Ya zaro tsinken tsintsiya, ya auna sararin da ke tsakanin shokazoba mai rage girgiza da ƙarfen ɗaya gefen, ya karya daidai nan ya miƙo min.

"Malam, duk taya da ya fi wannan faɗi, ko kyauta ne kar ka karɓa," ya ce.

Ya kuma ce in duba gefenta da kyau, don tayoyin gwanjo na Beljiyam da yawa sun tsattsage a rana.

Washegari ina wajen masu taya da tsinkena, sai ga Injiniya, ba wanda ya kira shi. Da ya ga ina ɗora tsinke a kan taya sai ya tuntsire da dariya, ya juya harshe zuwa Turanci don mai shagon ya ji, yana cewa malamin makaranta guda ya bar mai faci yana juya shi da tsintsiya. Ya shiga can ciki ya mirgino wata tayar bas, mai kauri da manyan haƙora. Ita ma sha huɗu ce, ya nuna min lambar da bakin sukundirebansa kamar wanda ya gano ma'adini. Ya ce taya mai faɗi ta fi kama ƙasa, kowa ya san wannan, kimiyya ce. Na ɗora tsinke, ya rage kusan yatsa biyu bai kai ba. Na ce ba na so. Mai shagon ya ce siririyar tana hanya daga Yola, in dawo mako mai zuwa, na ce zan jira.

Ranar Asabar da safe ya zo da fuskar tausayi, wai ƙaramin ɗansu ya kwana da zazzaɓi, yana so ya kai shi asibiti. Ɗan ƙanwata ne, ba yadda zan yi, na ba shi makulli, na ce ya bi a hankali. Yaron kuwa daga baya na ji yana ƙofar gida yana wasa da ƙasa.

Bayan azahar na ji hon tun daga bakin layi. Na dogara sandata na fito, na tarar da mutane sun taru. Bayan babur ɗin ya ɗaga sama, gaban ya duƙa. Ya sa tayar bas ɗin. Da ta ƙi shiga, ashe wajen mai walda ya kai, aka goge ƙarfen gefe har ya yi laushi, aka tura shokazoba waje da tarin zobban ƙarfe. Yana zaune a kai, ya sa baƙin tabarau.

"Yaya, ka ga aikin ilimi," ya ce.

Na sa aka tura babur ɗin taku uku. Ana jin wani abu yana gurzawa a ciki, a hankali, kamar ana wasa wuƙa. Na faɗa masa. Ya ce sabon abu dole ya yi ƙara kafin ya zauna, in hau bayansa mu je Vimtim mu dawo in gani da idona. Na ce ƙafa ɗaya ta rage min, ba zan ba shi ita ba. Mutane suka yi dariya, abin ya ƙona shi, ya murɗa ya tafi shi kaɗai kafin in kai hannu ga makullin.

Ba a yi la'asar ba wani manomi, uban ɗalibina, ya kira ni a waya. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce babur ɗina yana cikin gonar gyaɗarsa.

Na samu mai keke ya kai ni. Tayar ta yi ta cin tiyon birki har ta huda shi, man ya tsiyaye, a gangaren da ke sauka rafi ya matsa birki bai ji komai ba. Babur ya bar hanya, ya keta kunya wajen goma, ya kwanta. Fitila ɗaya ta fashe, gyaɗar da ta kusa isa cira ta tumɓuke. Injiniya yana zaune a inuwa, ya naɗe wando, yana yi wa matan da suka zo kallo bayanin cewa waɗanda suka yi hanyar nan ba su san aikinsu ba. Ɗan ƙujewa ne a gwiwarsa, ko jini bai zubar ba sosai. Bai ce wa mai gonar sannu ba. Ni na ba mutumin haƙuri, ya ce ba komai, shi ne ma ya ɗauro keken shanunsa muka ɗora babur muka kawo gari, Injiniya a zaune a sama yana nishi.

Na kai wa dattijon mai faci ya ga aikin. Ya daɗe yana shafa inda aka goge ƙarfen. Tayar ta ƙi fita, sai da ya yanka ta da wuƙa. Ya raka ni da kansa wajen wani mai walda da ya yarda da shi, aka yi wa ƙarfen ƙari, aka mayar da shokazoba wurinsa. Da siririyar ta iso, ya shafa mata ruwan sabulu, ta zauna a rim ɗin ba gardama. Ya juya ta da hannu, ya kasa kunne, ya ce in tafi, amma in riƙa rage gudu a kwana don tayar mota ba ta son karkata.

Injiniya ya yi mako biyu yana ɗingishi da bandeji har cinya. Ya aiko a tambaye ni ko ina da wata sandar da ba na amfani da ita. Na ce a gaya masa babu.

Ƙanwata ce ta zo ba da haƙuri, ta durƙusa tana kuka. Na ce ta tashi, ba ita ta yi ba. Shi bai taɓa ɗaga maganar a gabana ba. Amma a majalisar bakin tasha na ji yana cewa shi ne ya fara sa wa babur tayar mota a Mubi, kuma ga shi nan yayan matarsa yana cin moriyar abin kullum. Har wasu masu keke biyu suka kai masa nasu ya duba. Ɗayansu na san shi, na tare shi a hanya na ba shi labari. Ɗayan ban same shi da wuri ba.