Biyun da Bai Hau Ba

Gwaggona ta shekara ashirin da bakwai tana buga takardun jarrabawa a wani ɗan ɗaki bayan ofishin shugaban makaranta, tun zamanin tafireta har kwamfuta ta zo. Firamare kaɗai ta gama. Amma duk shekara sai tambayoyin lissafin logaridim sun bi ta yatsunta tare da amsoshinsu, har ta san halinsu kamar na maƙwabta. Ga yadda take faɗa mana: in log biyu suka haɗu da tarawa, na cikinsu ninkawa ake yi, in debewa ce, rabawa, lambar da ta tsaya a gaba kuwa, hawa kai take yi. Dalili? Ba ruwanta. Ido ba mudu ba ne, in ji ta, amma ya san ƙima.

Dokar ɗakin ɗaya ce: abin da aka kawo shi ake bugawa, ko waƙafi ba a taɓawa. Wanda ta gada ya taɓa shan takardar gargaɗi kan gyaran kalma guda.

Wata Talata sabon malamin lissafi, mai ɗaura taye a wuya ko ana zafi, ya kawo takardar amsoshi. A lamba ta huɗu ya haɗe 2 log x da log y, ya rubuta log 2xy. Yatsun Gwaggo suka ƙi. Da wannan takarda za a duba aikin yara tamanin da uku, duk wanda ya yi daidai jan biro zai sha. Ta ji tsoro ƙwarai, amma ta tashi.

Ta same shi a ofishin malamai yana shan shayi.

"Malam, a yi haƙuri, biyun nan bai hau ba."

"Hau ina, Mama?"

"Kan x. Kullum can yake zama."

Malamai suka kwashe da dariya. Ya karɓi takardar yana murmushi, ya duba, ya sake dubawa har shayin ya huce. Sai ya ciro biro ya mayar da amsar log x²y.

"A ina kika yi karatu?"

"A takardunku."

Bayan mako biyu ya leƙo ɗakinta ya ce yara sittin da ɗaya sun ci lamba ta huɗu. Ko ɗaya cikinsu bai san sunanta ba, ita kuwa ranar har waƙa take yi tana wanke-wanke.

Yanzu in ya ajiye mata takarda, cewa yake yi, "Mama, in yatsunki sun ƙi, ki aiko a kira ni."