Kwallin Umma a Jikin Inji

Shekarun baya, lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, an tura ni wurin wani dattijo Bature a unguwar Queens, nan ƙasar wajen da nake zaune. Daga unguwarmu Soundview sai na hau bas, na hau jirgin ƙasa, na sake hawa bas, don haka kullum da fushina nake isa. Shi kuwa ba shi da zance sai na wata mota da ya gada daga kakansa. Ranar da ya yaye mata mayafi a gareji na ce, "Baba, wannan ai keken doki ne, dokin ya gudu." Ya yi dariya har da tari.

Silinda ɗaya gare ta, wato tukunyar inji guda tak, kamar injin markaɗen unguwarmu a Kano. Burinsa ya kai ta Ingila, inda masu irin motocin nan ke taruwa su tuƙa su har bakin teku. Sai dai ba a karɓar mota sai wadda aka ƙera kafin 1905, kuma sai an tabbatar da shekarun injinta. Likita ya riga ya gaya masa in bai hau jirgin sama bana ba, to ya haƙura.

Ana gab da rufe karɓar sunaye aka turo wata mata mai furfura, wadda duba tsofaffin injuna ne aikinta. Ta durƙusa gaban injin kamar mai gaida surukai.

"Kin ga wannan bawul ɗin, ɗan murfin da ke shigar da mai?" in ji ta. "Babu abin da ke tura shi. In fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki, ya yi ƙasa, shi ke zuƙo shi ya buɗe. Injunan farko-farko ne ke haka."

Na ce, "To madalla, rubuta mu tashi."

Ta ce a'a, wasu maƙeran sun ci gaba da yin irinsa har bayan shekarar. Shaida ita ce lambar da aka buga a jikin alminiyam ɗin, ga shi kuma yawan gogewa ya cinye ta. Ta haska tocila ta gefe, ba ta fito ba. Ta gwada alli, fari a kan fari. Ta ce baƙin gari mai laushi take so, sai ta dawo da shi wani makon. Dukanmu mun san wani makon an rufe. Baba ya jawo kujera ya zauna.

Ni gaskiya bas ɗina nake tunani. Na zaro tandun kwallin da mahaifiyata ta cusa mini a jaka ranar da zan taho daga Kano, na ce, "Ungo, gwada wannan."

Ta shafa da ɗan yatsa, ta hure. Lambobin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, baƙi wuluk, har da inda hannun mai bugawa ya ɗan karkace. Wani mutum ne ya riƙe guduma ya buga su, ya tashi aiki, ya tafi gida ya ci abinci.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan lambar ta 1903 ce."

Na san shekarar nan, mun haddace ta a sakandare: ita ce shekarar da Turawa suka shiga Kano. Ana can ana fasa ganuwa, wani yana nan yana ɗaure wannan ƙarfen.

Matar ta zuba fetur, ta wana hannun tayarwa. Injin ya yi tari, ya kama: tuf, tuf, tuf, da ɗan shiru tsakani kamar mai tunani kafin ya yi magana. Bas uku suka wuce ni ina tsaye.

Na ɗauko tsumma zan goge kwallin, Baba ya riƙe hannuna. "Bar mata kwalliyarta."

Da na ba mahaifiyata labari a waya, cewa ta yi, "Wato ke ba ki saka ba, sai mota."

Baba ya je Ingila, ya dawo da mura da hotuna, bai sake hawa jirgi ba. Har yau ni mai gaggawa ce, kada ku ɗauka na canza. Amma in na ga tsohon ƙarfe, sai na tsaya na nemi inda hannun mutum ya taɓa shi. Motar tana wurin 'yarsa yanzu. Ta ce mini kwallin na nan a cikin lambobin.